Jami'o'in gwamnati a Sudan: wace ce ke da suna, wace ce ke kusa da Hausawan Jazira da Nil Azraƙ?

A ƙauyukan Hausawa da ke gaɓar kogin Nil Azraƙ, wato Shuɗin Nilu, ranar da sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito rana ce ta lissafi. Maki nawa yaro ya samu, wace jami'a makin zai kai shi, kuma gida zai iya ɗaukar nauyin zamansa a can? Sudan na da jami'o'in gwamnati sama da 30, amma ga mutanen jihohin Jazira da Sinnar da Nil Azraƙ zaɓin yakan tsaya ne a kan 'yan kaɗan: Jami'ar Khartum, Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, sai jami'o'in jihohi na Sinnar da Damazin. Wannan bayani ya kwatanta su ta fuskar tarihi, da darajar takardarsu, da irin ɗaliban da kowace ke ja, da halin da yaƙin 2023 ya jefa su. Maganar ta shafi iyaye a Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram ma, domin sun daɗe suna tura 'ya'yansu karatu Sudan.

Hausawan da ake magana a kansu

Hanyar aikin Hajji ta ƙasa ce ta fara kai Hausawa Sudan. Mahajjata kan yada zango su yi shekaru suna neman guzuri, wasu kuma zaman ke nan. Babbar ƙaura ta zo ne bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas da jama'arsa, aka kashe shi a yaƙin Burmi cikin Yulin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, Fulani da Hausawa, har suka zauna a gaɓar kogin, kudu da birnin Sinnar. Garin yana nan har yau da sunan Maiwurno.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman auduga na Jazira, wanda daga baya ya kai faɗin hekta kusan 880,000. Shirin ya buƙaci hannaye da yawa, mutanen Afirka ta Yamma kuwa suka cike wannan gurbi. Akasarinsu ba su samu gonakin shirin ba. Sun zama 'yan ƙwadago a matsugunan da ake kira kambo, jam'insa kanabi, a gefen magudanan ruwa. Da yake ba a lissafa waɗannan matsugunai cikin ƙauyukan da gwamnati ta tsara ba, makaranta da asibiti da famfo sun makara wajen isa can. Wasu iyalan suka gangara kudu, wajen Singa da Rusairis da Damazin, suna noma da kamun kifi, musamman bayan an gama madatsar Rusairis a 1966.

Akwai kuma matsalar takarda. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun 1897, shekaru shida kafin Burmi. Dokar 1994 ta sauko da sharaɗin zuwa 1 ga Janairun 1956. A tsakanin nan, yara da dama da aka haifa a Sudan sun tashi ba su da takardar da ake nema wajen karatu mai zurfi da aikin gwamnati. Iyaye da yawa kuma sun fi amincewa da makarantar allo, wadda ake kira khalwa a can. Wannan ne ya sa a gidaje da dama, wanda ya shiga jami'a a 'yan shekarun nan shi ne na farko a zuriyarsu.

Yadda ake samun gurbi

Ƙofar shiga ɗaya ce: jarrabawar da ake kira Shahada Sudaniyya, kwatankwacin bakaloriya a Nijar. Ana haɗa makin darussa bakwai, huɗu na dole da uku na fannin da ɗalibi ke so, a fitar da kaso cikin 100. Darussan dole su ne Larabci, Ingilishi, addini da lissafi. Ɗalibi ba ya neman gurbi a jami'a kai tsaye. Yana jera zaɓinsa ta intanet a ofishin ɗaukar ɗalibai na ma'aikatar ilimi mai zurfi, ofishin ya raba gurabe bisa maki. Dole ne yana da lambar ɗan ƙasa, wadda ake kira raƙam watani.

Hanyoyin shiga sun kasu. Akwai gasar ƙasa baki ɗaya, inda ɗan kambo ke gogayya da ɗan makarantar kuɗi ta Khartum a kan gurbi guda. Akwai gurabe da jami'o'in jihohi ke warewa 'yan jiharsu, inda makin da ake nema yake da sauƙi. Akwai kuma shiga ta kuɗi, inda jami'ar gwamnati ke karɓar mai maki ƙasa da ƙa'ida idan zai biya kuɗin karatu masu yawa. Likitanci a Jami'ar Khartum yakan nemi sama da kashi 90 cikin 100. Saboda haka darajar jami'a a Sudan abu ne da kowa ke iya gani a lamba: makin ƙarshe da ta karɓa a kowace tsangaya.

Jami'ar Khartum: uwa ma ba da mama

Tushenta shi ne Kwalejin Tunawa da Gordon, da Turawa suka buɗe a 1902. A 1924 aka kafa Makarantar Likitanci ta Kitchener. An haɗe su a 1951 suka zama kwalejin jami'a mai alaƙa da Jami'ar Landan, sannan a Yulin 1956, watanni kaɗan bayan samun 'yancin kai, ta zama Jami'ar Khartum mai cin gashin kanta. Babban mazauninta yana bakin Nil Azraƙ a tsakiyar birnin. Tsangayoyin noma da likitancin dabbobi suna Shambat, ta ilimi tana Umdurman, asibitin koyarwarta kuma yana Soba.

Sunanta ya samu ne daga abu biyu. Na farko, shekaru da dama ita ce ta yaye kusan duk likitoci da alƙalai da injiniyoyi da manyan ma'aikatan ƙasar, kuma tsofaffin ɗalibanta sun bazu a asibitocin Saudiyya da ƙasashen Tekun Fasha da Ingila da Ayalan. Wanda ya fito daga cikinta yana da wanda zai kama masa hannu kusan duk inda ya je. Na biyu, siyasa. Daga harabarta ne boren Oktoban 1964 ya tashi, bayan an harbe ɗalibi Ahmad al-Ƙurashi, boren da ya kawar da mulkin Janar Ibrahim Abbud.

Binciken jami'ar ya taɓa rayuwar mutanen kogin kai tsaye. Cibiyar binciken cutar maisitoma da Farfesa Ahmad Hasan Fahal ya kafa a Soba a 1991 ta yi suna a duniya. Cuta ce mai cinye ƙafa, tana shiga ta sukar ƙaya, kuma ta fi kama manoma da makiyaya a wurare irin su Jazira da Sinnar. A Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya kuma akwai aikin Farfesa Al-Amin Abu-Manga, ɗan Maiwurno, wanda ya wallafa littafi a 1999 a kan yadda Hausar Sudan ke cuɗanya da Larabci.

Sai dai ga ɗan ƙauye, Khartum tana da tsada ta fuska biyu. Makin da take nema ya fi samuwa a manyan makarantun birane masu cikakkun malamai da ɗakunan gwaji. Idan ma an samu gurbin, akwai kuɗin mota da na abinci da na masauki a babban birni, ga ɗakunan kwanan da asusun kula da ɗalibai na ƙasa ke gudanarwa ba sa isa.

Jami'ar Jazira: wadda aka gina domin karkara

An kafa ta a 1975 a Wad Madani, kimanin kilomita 190 kudu maso gabas da Khartum, ta karɓi ɗalibanta na farko a 1978. Ita da Jami'ar Juba su ne jami'o'i na farko da aka buɗe a wajen babban birnin. Ta fara da tsangayoyi huɗu: noma, likitanci, kimiyya da fasaha, sai tattalin arziki da raya karkara. Sunan ta ƙarshen nan ya nuna manufar kafa jami'ar, wato a yi karatu a kan matsalolin yankin da take zaune. Daga baya ta baza rassa a Hantub, Abu Haraz, Hasahisa, Kamlin da Manaƙil, ta yadda ɗalibi zai iya karatu kusa da gida.

Abin da ya fitar da sunanta waje shi ne tsangayar likitanci. Tun farko ta ɗauki tsarin da ake tura ɗalibai ƙauyuka da ƙananan asibitoci tun suna shekarun farko, su binciki zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da mace-macen masu haihuwa a inda ake fama da su. Tana cikin makarantun da suka kafa ƙungiyar duniya ta masu irin wannan tsari a 1979, da goyon bayan Hukumar Lafiya ta Duniya. Cibiyar kula da masu cutar daji da ke Wad Madani ta jami'ar ce, kuma marasa lafiya na zuwa can daga jihohi da dama. A fannin noma kuwa, hedikwatar hukumar binciken aikin gona ta ƙasa tana garin, gonakin shirin Jazira kuma suna kewaye da shi.

A likitanci, makin da Jazira ke nema yana dab da na Khartum, don haka ba ƙofa ce mai sauƙi ba. Inda ta fi sauƙi shi ne a tsangayoyin ilimi da noma da kiwo. Ga Bahaushe kuma tana da wani amfani da ba ya cikin takarda: Wad Madani na da tsofaffin unguwannin Hausawa, ɗalibi ba zai rasa gidan ɗan'uwa ba. Wannan yana da nauyi sosai wajen 'yan mata, domin iyaye da yawa ba sa sakin jiki su tura ɗiya inda ba su da kowa.

Sinnar da Damazin: jami'o'in ƙofar gida

A 1990 gwamnatin Umar al-Bashir ta ƙaddamar da abin da ta kira juyin juya halin ilimi mai zurfi. Kafin nan jami'o'in ƙasar ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Cikin 'yan shekaru kusan kowace jiha ta samu tata, aka ninka yawan ɗalibai, aka kuma mayar da harshen koyarwa Larabci a yawancin fannoni. Jami'ar Sinnar ta fito ne daga kwalejin aikin gona ta Abu Na'ama, wadda aka kafa a 1977, ta zama jami'a a tsakiyar shekarun 1990, da tsangayoyi a Sinnar da Singa da Abu Na'ama. Jami'ar Nil Azraƙ kuma an kafa ta a Damazin a 1995.

Masu suka sun ce an yi gaggawa, an buɗe tsangayoyi ba tare da isassun malamai da littattafai da kayan gwaji ba, ƙwararrun malamai kuma sun yi ta ficewa zuwa ƙasashen Larabawa saboda ƙarancin albashi. Sukar tana da tushe, kuma shi ya sa takardar waɗannan jami'o'i ba ta kai ta Khartum ko Jazira nauyi a idon masu ɗaukar aiki ba. Amma ga ƙauyukan kogin, su ne suka buɗe ƙofa. Koyarwa da Larabci ta rage wa yaron da ya tashi da Hausa a gida, ya yi sakandare da Larabci, nauyin harshe na uku. Gurbin 'yan jiha ya rage gasa. Daga Maiwurno zuwa Sinnar tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce. Yaron da ya gama tsangayar ilimi a Singa ko Damazin kuma yakan dawo ya koyar a makarantar ƙauyensu, abin da ba kasafai mai digirin Khartum ke yi ba.

Kusanci ma yana da nasa haɗarin. A Yuli da Oktoban 2022 rikici ya ɓarke a jihar Nil Azraƙ tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin a kan ƙasa da neman sarautar gargajiya. Ɗaruruwan mutane sun mutu, dubbai suka bar gidajensu. Ɗalibin da jami'arsa ke cikin yankin da ake rikici yakan rasa gida da aji a lokaci guda.

Waɗanda suka fi jan 'yan Najeriya da Nijar

Alaƙar ilimi tsakanin Sudan da ƙasar Hausa ta girmi dukkan waɗannan jami'o'i in ban da tushen ta Khartum da ta Umdurman. Makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934 ta fara ne da malamai daga Sudan. Shaihu Abubakar Gumi ya yi karatu a cibiyar horar da malamai ta Bakht al-Ruda a tsakiyar shekarun 1950. Masanin Larabci Abdullahi al-Tayyib ya jagoranci Kwalejin Abdullahi Bayero a Kano a shekarun 1960, kafin daga baya ya shugabanci Jami'ar Khartum.

Amma jami'ar da aka fi sani a Kano da Maraɗi ita ce Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka da ke Khartum. Ta faro ne a matsayin Cibiyar Musulunci ta Afirka a 1977, ta zama jami'a a 1992, kuma an tsara ta ne musamman domin ɗalibai baƙi. Sanusi Lamido Sanusi ya yi digirin shari'a a can, ya kammala a 1997. Sai Jami'ar Musulunci ta Umdurman, wadda tushenta ke komawa ga cibiyar ilimi ta 1912, ta kuma zama jami'a a 1965. Masu neman Larabci da shari'a sun fi nufar waɗannan biyun. Daga baya masu neman likitanci da haɗa magunguna suka ƙaru, saboda ƙarancin gurabe a Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai, da yawan yajin aikin malamai a gida, da kuma sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da Turai. Gwamnatocin wasu jihohin arewacin Najeriya ma sun ɗauki nauyin ɗalibai zuwa can.

A nan akwai abin lura. Kafin yaƙin 2023, ɗalibin da ya taso daga Katsina da fasfo da tallafin gwamnati yakan samu gurbin likitanci a Sudan cikin sauƙi fiye da ɗan'uwansa Bahaushe da aka haifa a kambo, 'yan kilomitoci daga harabar jami'ar. Harshensu na gida ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne makarantar firamare da takarda da kuɗi.

Abin da yaƙi ya sauya

Yaƙi tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023. Jami'o'in babban birnin suka rufe nan take. An kwashe ɗaliban Najeriya a motoci zuwa iyakar Masar da kuma Port Sudan, daga can aka ɗauke su a jirgi. Wad Madani ta zama mafaka, cibiyoyi da dama na Khartum suka koma can, har zuwa Disambar 2023 da RSF ta kama garin. An wawashe gine-ginen Jami'ar Jazira da na hukumar binciken aikin gona. Singa ta faɗa hannun RSF a ƙarshen Yunin 2024, sojoji suka karɓe ta a Nuwamba. Sun karɓi Wad Madani ranar 11 ga Janairun 2025, sannan Khartum a Maris. Biranen Sinnar da Damazin ba su fita daga hannun gwamnati ba, amma an daɗe hanyoyinsu a toshe.

Mutanen kanabi sun sha wuya ta kowane ɓangare. Bayan komawar sojoji Jazira, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ba da rahoton hare-hare a kan wasu matsugunan, bisa zargin mazaunansu da goyon bayan RSF.

Jarrabawar Shahada ta 2023 ba a yi ta ba sai ƙarshen Disambar 2024, kuma a yankunan da gwamnati ke riƙe da su da wasu cibiyoyi a ƙetare kawai. Jami'o'i suka koma koyarwa ta intanet, suna shirya jarrabawa a garuruwa irin su Port Sudan da Kassala da Gadarif da Atbara, da kuma Masar da Saudiyya. Wannan tsari ya fi dacewa da manyan jami'o'i masu tsofaffin ɗalibai a waje da za su tallafa, da kuma ɗaliban da iyayensu ke da halin kai su Alƙahira. Yaron ƙauyen da ba wuta, ba sadarwa, ba kuɗin motar zuwa cibiyar jarrabawa, shi aka bari a baya ko da wace jami'a yake.

Abin dubawa kafin a zaɓa

A duba tsangaya kafin sunan jami'a. A shari'a da injiniyanci da zurfafa bincike, Khartum ce kan gaba. A likitancin al'umma da noman ban-ruwa, Jazira ba ta bin bayan kowa. Mai son koyarwa ko aikin gona a yankinsa, Sinnar ko Damazin za ta ishe shi da kuɗi kaɗan.

A duba harshen koyarwa. Mai burin aiki a Najeriya ko Ingila yana buƙatar Ingilishi mai ƙarfi, mai komawa Nijar kuma zai tarar da aikin gwamnati da Faransanci.

A duba amincewa da takarda. Likitan da ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta Najeriya kafin ya fara aiki a can, a Nijar kuma sai an daidaita digirin da na gida. Gara a tambayi hukumar kafin a biya kuɗin shekarar farko.

A tambaya, a wane gari tsangayar take koyarwa a yanzu, a aji ko ta waya, kuma a wane asibiti ko gona ake aikin hannu? Bayan yaƙin nan, amsar tana iya bambanta tsakanin tsangayoyi biyu na jami'a ɗaya.

A gyara takardu da wuri: lambar ɗan ƙasa, takardar haihuwa, da daidaiton rubutun suna a kan dukkansu. Ga iyalan da suka yi gudun hijira suka bar komai a baya, wannan ne aikin farko, domin ba tare da lambar ba ko yaron da ya fi kowa maki a ƙauyen ba zai iya cike fom ɗin neman gurbi ba.